Alkamar da Ta Ci Gonar Baba

Talata Mafara, Nuwamba 1981

Zuwa ga yayana Bube,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Taiba da yara, da aikin masaƙa a Kaduna. Mu nan sai godiya.

Ka san tun da aka datse gulbi a Bakolori ambaliya ta daina kawo wa fadamar Baba laka a Birnin Tudu. Ɗan filin noman rani da aka ba shi a madadinta ba ya komai sai da takin zamani, takin kuwa sai mai uwa a gindin murhu.

An kawo mana wani baƙin gari kamar gawayi a ofishin malaman gona. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. Ana cuɗa su da irin alkama, su zauna a saiwa suna jawo wa shuka abinci daga iska, kamar yadda wake ke gyara gona. Rabin taki ya isa. Na roƙi Baba mu gwada a filinsa. Ya ce, "Abin da ya zo mana a mota ba ya komawa hannu wofi." Amma ya yarda.

Ƙanenka,
Jibirin

Bakura, Fabrairu 1982

Yaya Bube,

Sallama da gaisuwa. Yaya jikin Taiba? Allah ya ƙara sauƙi.

Da ma ka ga alkamar Baba! Ta kai mini ƙugu, zangarniya ta yi nauyi har tana sunkuyawa. Manoma daga Garbadu suna zuwa a keke suna tona gindinta, wai ko taki muka binne. Baba yana zagayawa da su yana dariya, abin da na manta rabon da in gani. Manyanmu ma sun zo sun ɗauki hoto.

Naka,
Jibirin

Talata Mafara, Afrilu 1982

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Ni dai jikina ne kawai lafiya.

Muna gama sussuka aka ce za a sake rabon filaye. Na Baba ya faɗa hannun wani Alhaji da ya zo tare da masu hoton, shi ne kuma dillalin taki a yankin nan. An mai da Baba can ƙarshen magudana, inda ruwa ba ya isa sai an yi faɗa. Na je wurin shugabanmu, ya ce ƙasar filin ce mai kyau, ba baƙin garin ba, kuma an rufe maganar gwaji. Sauran buhunan baƙin garin aka jibge a rana bayan sito har ƙwayoyin suka mutu.

Yanzu an tura ni Maradun, in koya wa mutanen da ruwa ya cinye garuruwansu yadda za su ƙara zuba taki. Don Allah ka nema mini aiki a masaƙa, ko shara ce.

Baba bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya auna alkama ya ce a kai wa Taiba ta yi wa yara alkaki. Alkamar tana wurin Audu direba, zai kawo muku. Jiya da na durƙusa zan gaida Baba, ya miƙe ya shimfiɗa mini tabarmar baƙi, ya ce, "Sannu da zuwa, malamin gona."

Ka gaida kowa.

Ƙanenka,
Jibirin