Matan Masaƙa a Hannun Kawu

Zuwa ga Kawuna,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ciwon gwiwar? Mama na gaishe ka, ta ce ƙanin nata ya zama babban marubuci ya manta hanyar gida.

Bayan haka, albishirinka: na gama littafin matan masaƙa. Tsohuwar nan da ake kira Mai Zare, wadda inji ya cinye wa yatsu, ta yarda ta yi magana. Na sha sintiri tana sallamata da sai gobe, har ran nan ta jawo mini kujera a bakin ƙofar ɗakinta. Kawu, ta faɗa mini abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Babban ɗanta ba ita ta haife shi ba, ɗan ƙawarta ne da ta rasu a gobarar masaƙar, kuma har yau bai sani ba. Na yi mata alkawarin sauya sunanta da unguwarta kafin a buga. Ban kai ga yi ba tukuna, kwafin gwaji ne wannan.

Wakilan marubuta kuwa, masu nema wa littafi kamfanin da zai buga shi, sun ba ni wuya. Wasu shiru, wasu su ce bai dace da su ba, ɗaya ma cewa ya yi in zuba soyayya a ciki. Tunda ka ce za ka miƙa wa wakiliyarka hannu da hannu, ga shi nan. Kai ka fara ɗora ni kan rubutu, ba ni da wanda ya fi ka.

'Yarka,
Auta

Zuwa ga Kawu,

Ina gaisuwa. Ina fatan lafiya ce ta sa ka shiru. Watanni sun shuɗe, wayarka na shiga ba a ɗauka. Ko wakiliyar ba ta so ba ne kake jin nauyin faɗa mini? Don Allah kada ka ji. Fatata ta yi kauri da jin a'a.

'Yarka,
Auta

Kawu,

Ina fatan kana lafiya.

Da shirun ya ishe ni, na je ofishin wakiliyar da kaina. Ta karɓe ni da fara'a, ta ce ai ta san ni, ni ce yarinyar da ta taya ka buga rubutu a kwamfuta. Sai ta miƙo mini jaridar ƙarshen mako cike da murna. Babina na huɗu ne aka buga, da sunanka da hotonka a sama. Ko waƙafi ba ka taɓa ba. Sunan Mai Zare ma yana nan, da unguwarta, da komai.

Ban san yadda na sauko daga benen ofishin ba. Gidan Mai Zare na nufa, amma maƙwabta sun riga ni kai jaridar. Ɗan ya karanta, ya kwashi kayansa ya tafi, ba wanda ya san inda yake. Na same ta zaune a ƙasa, ɗankwalinta a gefe. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Kallona kawai ta yi, ta tashi ta shige ɗaki ta saki labule.

Na san rubutu ya daɗe da ƙi maka, na ga takardun da kake yayyagawa. Da ka roƙe ni, wallahi da mun sa sunayenmu tare, ina alfahari.

Na koma na kunna wa wakiliyar hirarrakin da na ɗauka. Muryata ce ke tambaya a cikinsu tun daga farko har ƙarshe. Ta dakatar da bugun littafin, ta ce za ta neme ka. Mama ba ta sani ba, kuma ba daga bakina za ta ji ba.

Abu ɗaya nake nema. Ka zo mu je ka tsaya a gaban Mai Zare, ka faɗa mata da bakinka wanda ya kai sirrinta jarida. Ba ta san fuskarka ba, Kawu. Tawa ta sani.

Ka huta lafiya.
Auta