Shekara Bakwai Ina Shan Maganin Ciwon Da Ba Nawa Ba

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan gida. Admin, don girman Allah a sakaya sunana, Hausawan Birmingham ba mu da yawa, kowa ya san ƙofar gidan kowa. Don Allah ku ba ni shawara, na kai inda ba na iya tunani ni kaɗai, kuma sati ɗaya tak ya rage mini.

Shekarata talatin da tara, aurenmu shekara bakwai, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Muna zaune a Lozells, a wani ɗan flat a saman shago. Ni aikin care nake yi, ina kula da tsofaffi, shi kuma maigidana PhD ya zo yi a uni ɗin da ke wajen Aston, da scholarship ta yanke ya kama tasi, ya gama karatun amma har yau tasin dai yake ja. Ba zan yi masa sharri ba, mutumin kirki ne. In na dawo daga shift ƙafata ta kumbura, shi yake dafa ruwa ya gasa mini. Shi ya sa abin ya fi ci mini rai, da mugu ne da tuni na san abin da zan yi.

Kun san yadda ake yi a wajenmu, in shiru ta yi yawa mace ake kalla. Ballantana ni da ban yi aure da wuri ba, sai da na kai talatin da biyu, kowa ya yanke hukuncinsa ba tare da ya tambaye ni ba. Hajiya, mahaifiyarsa, ba ta taɓa gaya mini magana marar daɗi ba, sai dai duk ɗalibin da zai dawo hutu daga Kano sai ta ba shi ƙulli, in hau bas in je Selly Oak in karɓo. Sassaƙe, gari, rubutu, wani na sha da nono, wani na turare, wani ɗacinsa sai ya kwana biyu a maƙogwarona. Ummata ma haka take aikowa. Na sha, wallahi na sha, har sai da cikina ya daina karɓar yaji. Na je wajen GP, likitar unguwarmu, aka ɗebi jinina, aka yi scan, aka yi wannan gwajin mai ciwo na duba hanyar mahaifa, duka aka ce lafiyata ƙalau. GP ta ce saura maigida. Sai da na shekara ina lallashi kafin ya yarda.

Ranar da ya kai abin gwajin asibiti ce ta ɓata komai. Yana riƙe da 'yar kwalbar a leda, a corridor, sai ga wani ɗan garinmu da suke sallar Juma'a tare, ashe a nan yake aiki. Mutumin gaisuwa kawai ya yi ya wuce, amma maigidana ya dawo gida kamar wanda aka tuɓe a kasuwa, ko abinci bai ci ba. Da result ya fito aka ce ƙwayoyin haihuwarsa sun yi kaɗan ƙwarai, kuma waɗanda suke akwai ɗin ba su da kuzari. Likitan ya zaunar da mu, ya ce kada ya ɗauka shi kaɗai ne, yanzu suna ganin maza da yawa da wannan matsala. Ya ce zama a mota tun safe har dare yana ɗumama wajen da ake samar da ƙwayoyin, shi kuma wajen ba ya son zafi. Ya yi maganar shishar da yake sha da abokai, da tumbin da ya ajiye, da rashin barci da damuwa, ya tambaye shi ko ya taɓa yin hangum, ya ce ya yi yana saurayi. Ya kuma ce yana zargin akwai jijiyoyin da suka kumbura a wajen, yana so a sake gwaji a yi scan, in ta kama a yi ɗan aiki, in ba ta yiwu ba akwai IVF, wato a haɗa ƙwan a waje a dasa mini. Bai ce babu ba. Ina so ku riƙe wannan, likita bai ce babu ba.

A car park na asibitin ya kama hannuna ya roƙe ni in rufa masa asiri. Ya ce amana ce, ko Ummata kada ta ji, in Hajiya ta ji ciwon zuciya zai kama ta, in 'yan uwansa suka ji ba zai sake iya buɗe baki a taron gida ba. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Ya ce in rantse, na rantse. Yau shekara biyu ke nan.

Daga nan Manchester ta shigo rayuwarmu. Dama yana fama da ciwon baya saboda tuƙi, sai wani abokin aikinsa ya turo masa bidiyo a WhatsApp a kan chiropractor, masu danna ƙashin baya su daidaita shi, kamar masu ɗorin gida amma da ofis da gado na musamman. Wai in ƙashin baya ya goce yana danne jijiyoyin da ke zuwa ƙasa. Shi ke nan, maigidana ya ce ya gano bakin zaren. Ya ce ai tun muna yara mun san ruwan namiji daga tsatso yake saukowa, daga gadon baya, ta yaya mai ciwon baya zai haihu? A gyara bayan, sauran zai gyaru da kansa. Mutum mai PhD fa! Na ce to ai akwai su a nan Birmingham, ya ce a'a, Manchester zai je inda ba wanda ya san fuskarsa. Tun daga lokacin duk bayan sati biyu ranar Asabar sai ya ɗauki hanya.

Abin da zai ba ku haushi, don bayan ya yi sauƙi yake kunna ɗumin kujerar mota wuni guda, in ya dawo ya cika baho da ruwan zafi ya kwanta ciki. Zafin nan dai da likita ya ce a guda. In na yi magana ya ce ban san ciwon baya ba. Asibiti suka aiko da appointment, ya ce a bari ya gama course ɗin Manchester. Suka sake aikowa, ya ce yanzu ya fara jin canji a jikinsa, kada a haɗa magani biyu. Ni nake kiran su ina ƙarya, yau ba shi da lafiya, gobe ya yi tafiya. Mun yi faɗa ba sau ɗaya ba. Na gaya masa shekaruna suna tafiya, ya ce ba ni da tawakkali. Na ce tawakkalin ne ya sa nake shan sassaƙen ciwon da ba nawa ba? Ya yi sati ba ya mini magana, ni na ba shi haƙuri.

Asabar ɗin da ta wuce na ce sai na bi shi. Ya yi ta kwana-kwana, na riga shi shiga mota. Muka je, wuri ne mai tsabta, mutumin wani dattijon Bature ne mai fara'a, har ya ce ashe ke ce matar da yake yawan yabo. Da aka gama danne-dannen na tambaye shi kai tsaye, yaushe za mu ga canji a gwajin haihuwar? Sai ya kalli maigidana, ya tambaye shi ko ya yarda ya yi magana a gabana. Maigidana ya sunkuyar da kai ya ce eh. Mutumin ya ce tun ranar farko ya gaya masa shi baya yake dubawa, ba shi da wata hujja cewa aikinsa yana ƙara ƙwayoyin haihuwa, kuma ba sau ɗaya ba ya ce masa ya koma asibiti, har takarda ya rubuta masa don ya kai wa GP. Ya ce bayan ma ya daɗe da yin sauƙi, maigidana ne dai yake cewa yana son ya ci gaba da zuwa. Inna lillahi. Takardar tana cikin aljihun gaban mota, a ƙarƙashin tissue, ta yi laushi don daɗewa.

Muka kama hanyar dawowa. Ya ratse a services, wurin hutawar matafiya a bakin titi, ya kashe mota. Na ɗauka zai kare kansa in samu in sauke abin da ke cikina, amma sai ya ce ya sani, ya daɗe da sanin ba magani ba ne. Ya ce in ya koma asibiti aka sake gwaji aka ce babu, to an rufe maganar har abada, amma muddin yana zuwa Manchester yana da abin da zai gaya wa kansa da safe. Ya ce ni ba zan gane ba. Ni da ake kallo a gidan suna ana rage murya, ni ce ba zan gane ba? Na so in yi ihu, sai ya kifa kansa a kan sitiyari, sai na tsinci kaina ina lallashinsa. Har yanzu haushin kaina nake ji.

Washegari Ummata ta kira. Bayan mun gaisa ta ce in ba shi wayar, tana a speaker. Tsohuwar nan ta dinga yi masa godiya tana kuka, wai Allah ya saka masa da alheri da ya riƙe mata 'ya shekara bakwai babu gori, wai ba kowane namiji ne zai iya ba. Na tsaya ina kallonsa. Ya ce, “Babu komai Umma, ai haihuwa ta Allah ce.” Na shiga banɗaki na kunna famfo don kada su ji ni.

Yanzu ga inda ake. Asibiti sun aiko da takarda ta ƙarshe, ranar Alhamis mai zuwa, dole mu je tare. In ba mu je ba za su cire mu, sai dai mu koma wajen GP a sake sabon layi, kuma GP ta gaya mini a fili cewa da na cika arba'in ƙa'idar IVF ta canza, layin kuma ya fi watannin da suka rage mini tsawo. Na nuna masa, ya ce bai shirya ba tukuna. Mutum ɗaya ne a duniya yake cewa ya yi ya yi, Yayansa da ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu. Na san in na kira Yaya yau, Alhamis da sassafe maigidana zai riga ni sa takalmi. Amma na rantse. Kuma na san halinsa, zai je asibitin, amma ban sani ba ko zai sake iya kallon idona. Ba rabuwa nake so ba, shi nake so, kuma ɗansa nake so in goya.

Jiya na karɓo sabon ƙulli a Selly Oak, da saƙon murya daga Hajiya, tana cewa in daure in sha, 'yata, wannan karon in sha Allahu za a dace. Da gangan na jiƙa shi a gabansa. Na ɗaga kofin na tsaya, ina jira ya ce ajiye, ba ke ba ce. Ya kalle ni, ya kalli kofin, ya mayar da idonsa kan waya. Na shanye.

'Yan uwa, musamman maza da malaman da ke cikin nan, ku gaya mini gaskiya ko da za ta yi mini ɗaci, na saba. In na yi kaffarar rantsuwata na kira Yaya, na ci amanarsa? Ko akwai wata magana da ban gwada ba da za ta sa namiji ya tashi da ƙafarsa? Ko kuwa in riƙe masa sirrinsa, Alhamis ta wuce, in ci gaba da bari Ummata tana gode masa?