Farar Safar Hannu

Ranar Asabar

Zuwa ga ƙanina Direba,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Na kira ka sau tara ba ka ɗauka ba, shi ya sa na ɗauki biro. Takarda dai ba za ka ce babu sabis ba.

Ina asibiti a nan garinmu, a gefen gadon ɗana Mai Walda. Likita ya ce ƙafar dama za ta tsira, ta hagu sai abin da Allah Ya yi. Kwana shida ke nan da kankaren nan ya sauka a kansa a wurin gininku, kai da kake tuƙa injin ɗaga kayan ba ka zo ka duba shi ba, ba ka kuma faɗa mini yadda aka yi ba. Sai a bakin mutane nake ji.

An ce mai ba ka alama da hannu, wannan Dogon na unguwar tsallaken titi, shi ya ce ka sauke alhali yana ganin yarona a ƙasa. An ce ba a wurin da aka shata masa ya tsaya ba, kuma safar da ke hannunsa ma ba ta aikin ba ce. Tun yaushe nake ce maka ka rage sakin jiki da mutumin nan? Kana masallaci yana coci, amma kullum kwanonku ɗaya, har matarka na cewa da shi aka ɗaura maka aure. Ga shi nan.

Ran Alhamis kwamitin bincike zai zauna, kuma kai ne babban shaida. Ka je ka faɗa musu shi ya ba ka alama. Ni na goya ka bayan rasuwar Inna, ban taɓa roƙonka komai ba sai wannan.

Ka gaida mutanen gida.
Yayarka

*

Ranar Lahadi

Yaya,

Ina gaisuwa da ladabi, Allah Ya ba Mai Walda lafiya, Ya ba ki haƙuri. Ba ƙin zuwa na yi ba, jikina ne ya mutu.

Bari in gaya miki yadda aikinmu yake. Ina zaune ne a wani ɗan keji can sama, tsayin bene takwas. Ƙarar inji ba ta barina in ji muryar kowa, kuma oba-obar da muke magana da ita ta lalace tun bara. Hannun Dogo kawai nake bi. Ya juya yatsa sama, in ɗaga. Ya juya ƙasa, in sauke. Ya ware hannu biyu, in tsaya cak. Shekara goma sha ɗaya muna haka, ko farcen mutum bai taɓa fita ba.

Yanzu yana tsare a ofishin 'yan sanda. Wurin aiki ya rabu biyu, Yaya. Da a inuwar tankin ruwa muke cin abinci gaba ɗaya, yau mutanenmu na nan, nasu na bayan sito, kowa na kallon kowa ta wutsiyar ido. Shekaranjiya samarin unguwarmu sun farfasa tagogin gidansa, sun ce in kwamiti ya sake shi su ba za su sake shi ba. Nasu ma na ji suna taruwa. Duk inda na wuce sai a dafa kafaɗata a ce, “Direba, kai muke jira.”

Abin ya faru da sauri. Ki ba ni lokaci in tattara hankalina.

Naki mai biyayya,
Ƙaninki

*

Ranar Talata

Zuwa ga Direba,

Ina gaishe ka, ina gaida uwargida da yara. Ni ce matar Dogo. Ka yi haƙuri da rubutuna, ban yi nisa a makaranta ba.

Ga ƙunshi nan, safar hannu ce guda biyu da suka rage a gida. Ni nake wanke su duk Asabar, ni nake sa musu bula su yi fari tas. Da na tambaye shi me ya sa ya bar jar safar da ake ba su, sai ya ce, “Idon abokina ya fara hazo, farin ya fi gani.” Da na ce me ya sa yake matsawa gindin inji, wurin da aka hana tsayawa, sai ya ce, “In na tsaya nesa ba zai ganni ba.” Wata goma sha huɗu ke nan kullum zuciyata a hannu har ya dawo.

Jiya na kai masa abinci. Na ce ya faɗa musu gaskiya, ya ce in ya faɗa za a ƙwace maka lasisi, kuma yaranka shida. Ya sa na rantse ba zan gaya wa kwamiti ba, na rantse. Amma bai ce kada in rubuto maka ba.

Na kai yara gidan ƙanwata. Ni ina nan, na kafa katako a tagogi. Ƙaramar, wadda ka kai asibiti a kan babur ɗinka ranar da ta sha kananzir, tana tambaya ko Baba Direba ma yana fushi da mu.

Ba na zaginka, ba na kuma roƙonka. Ina so dai ka san akwai wadda ta sani.

Ka huta lafiya.
Matar Dogo

*

Ranar Laraba da safe

Yaya,

Ina gaishe ki. Ki zauna kafin ki karanta wannan, kuma kada ki karanta a gaban yaron.

Ni ne. Ni na sauke kankaren a kan ɗanki.

Idona na dama ya yi yana, na hagu ma ya fara. Abin da ke kusa ina laluba shi, na nesa kuwa kamar ta gilashin da aka shafa wa sabulu. Na ɓoye wa kowa, har matata. Dogo ne ya gane da kansa, ranar da ya ga ina zuba shayi a gefen kofi. Ya ce in je asibiti, na ce bari dai a gama wannan ginin. Muka gama, muka shiga wani, na sake cewa bari a gama. Sau uku yana yi mini faɗa, ni kuma ina mai da abin wasa, ina ce masa shi ne tabarauna.

Farar safar da ake cewa shaidar mugunta ce, don ni ya saya. Barin wurinsa da ya yi, don ni ya yi. Kullum a ƙarƙashin kaya yake tsayawa, inda in igiya ta tsinke shi za a fara kwasa.

Ran nan rana na bayansa, hasken ya cika mini ido. Ya ba ni alamar saukewa, na fara. Sai Mai Walda ya shigo da baya yana jan waya, fuskarsa a rufe da murfin walda. Na ga fari yana motsi da ƙarfi, na ɗauka cewa yake in ci gaba. Sai da na ji injin ya yi girgiza na leƙa sosai, na ga hannuwansa biyu a ware. A ware suke, Yaya, tun kafin kankaren ya kai ƙasa. Shi ya fara isa wurin yaron, shi ya cire ɗamararsa ya ɗaure masa cinya. Ni ko saukowa na kasa yi.

Kwana goma na yi shiru ina barin mutum a tsare saboda tsoro. Tsoron aikina, tsoron samarin nan da za su ce na sayar da jinina, amma wallahi tsoronki ya fi duka. Ina jin kunyarki fiye da yadda zan iya rubutawa.

Gobe ƙarfe goma zan tsaya gaban kwamiti da safar nan a hannuna, in ce a gwada idona a wurin. Na san za a kore ni, wataƙila a tsare ni. Abin da ya fi damuna shi ne samarin ba za su yarda ba, za su ce an saye ni ne, su huce a kan gidansa. Matarsa tana ciki ita kaɗai.

In kin ce daga yau ba ki da ƙane, ban ga laifinki ba.

Ƙaninki, in kin yarda

*

Ranar Laraba da la'asar

Direba,

Na amsa gaisuwarka. Na yi rubutun da manyan baƙaƙe don ka iya karantawa.

Ban yafe maka ba. Kada ka tambaye ni yaushe, ban sani ba. Ɗazu aka shiga da yaron tiyata, ƙafar hagu ta tafi.

Na bar matarsa a wurinsa, gobe zan shigo motar farko in taho garinku. Kada ka tare ni a tasha, ba na son ganinka tukuna. Ka wuce wurin kwamitinka, ka yi maganar da ƙarfi yadda na bayan ɗaki ma zai ji.

Ka aika wa matar Dogo ta ajiye mini kujera a ƙofar gidanta, ta waje, inda duk mai wucewa zai ganni. Ni ce uwar yaron. Wanda ya ga zai iya jifa, ya fara da ni.

Yayarka