Ba Na Iya Magana Ana Kallona, Inna

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'ya da mahaifiya, ina sanar da ke halin da nake ciki, ko da yake na san amsa ba za ta zo ba.

Tun bayan rasuwarki abin nan ya danne ni. Barci ya ƙaurace mini, abinci ya fita raina, yara su yi ta magana ina kallon bango. A asibiti suka ce ciwon damuwa ne. Suka ba ni magani, suka ce in riƙa zuwa Sakkwato wajen masu sauraron masu irin wannan ciwo.

Na je, Inna. Na farko namiji ne, sa'an Baba. Ta ina zan fara faɗa wa sa'an ubana abin da ke cikina? Na sunkuyar da kai yadda kika koya mini, shi kuwa ya ɗauka ɓoye-ɓoye nake yi.

Na roƙa aka canza mini mace. Tana da kirki, wallahi. Amma kujerarta na fuskantar tawa, idonta cikin nawa, tana jira. Ni kuwa da an zuba mini ido sai harshena ya yi nauyi. Haka zan sha hanya tun daga Illela, in ce mata lafiya lau, in hau mota in dawo ina kuka cikin mayafi.

Kin tuna zaman kitsonmu a tsakar gida? Ina zaune tsakanin ƙafafunki, na ba ki baya, kibiya na tsaga gashi. Sai ki ɗan ja ki ce, "Mi as same ki, ɗiyata? Hwaɗi, ba kallonki nikai ba." A haka kika ji labarin ɓarin da na yi, wanda ko Yaya Hajo ban gaya wa ba. Sai yanzu na gane ban taɓa faɗa miki magana mai nauyi ina ganin fuskarki ba.

Alhamis mai zuwa ake jirana. Baban yara ya ce in zuwan ba ya amfani in bari. Ba da faɗa ya faɗi ba, shi ma ya gaji. Yaya Hajo ta ce akwai wata mai sauraron irinmu a Ƙonni, in gwada ta, ni kuma ba ni da ƙarfin sake ɗauko labarina daga farko. In na daina, ina tsoron komawa kwanciyar nan da ko labule ba na ɗagawa. In na ci gaba, yaya zan ce wa likita ta bar ni in juya mata baya? Sau da yawa nakan shirya maganar a mota, da na shiga ofis sai ta gudu.

Ban san abin da zan yi ba, Inna. Kaina duk ya cukurkuɗe, na kasa bari kowa ya taɓa shi.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ni kuma Ya haɗa ni da mai ji na ba sai ta kalle ni ba, ko Ya ba ni bakin roƙon haka ranar Alhamis.

Ɗiyarki,
Luba