A Kan Sawun Takalmina da Aka Bi Cikin Rairayi

Zuwa ga Shugaban ƙungiyarmu ta tseren taswira a nan Dubai, da sauran 'yan kwamiti.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Injiniya, ina gaisuwa, da fatan kai da iyali kuna lafiya, aiki kuma yana tafiya daidai.

Sunana Nura Isiyaku. A Muhaisnah nake kwana, aikina kai saƙo a babur cikin Deira. Karatuna bai yi nisa ba, in an ga wata kalma ba ta zauna daidai ba a yi haƙuri. Na rubuto ne a zauren ƙungiya na waya inda kowa zai gani, domin a nan aka sa sanarwar cewa an dakatar da ni har ƙarshen kakar bana, wai na ɓatar da 'yan tsere da gangan. Na bar maganar ta kwana biyu, na ce bari kumburin ƙafar da na gurɗe ya sauka tukuna.

Akwai manyanmu 'yan kasuwar Al Buteen da ke cikin zauren don zumunci kawai, ba su taɓa zuwa fili ba. Saboda su zan faɗi yadda wasan yake. Ana ba mutum taswira da kamfas, a sake shi shi kaɗai, ya nemo tutocin da aka kafa a daji ɗaya bayan ɗaya. Ba a sakin mutane tare, sai wannan ya yi nisa a saki na gaba. Kowa da ɗan abin da ake ɗaura masa a yatsa, shi ke riƙe lokacin da ya taɓa kowace tuta. Doka ta farko da aka koya mini ita ce kada ka bi kowa, ka bi taswirarka.

Na ɗaya, abin da ya faru. A tseren da aka yi cikin rairayi, ni aka fara saki. An kwana ana iska, ƙasa ta yi sumul, ba sawun kowa sai na ƙwaro. Tutocin farko suna kusa, na same su ba wahala. Ta huɗu ce mai nisa, tana bayan tuddai, dole sai da kamfas. Kun ce kowa ya riƙe wayarsa a kashe saboda tsautsayi. A da a aljihu nake sa tawa, ta taɓa faɗuwa, sai ranar na sa ta a jakar aiki da nake ratayawa a ƙirji. Murfin jakar yana da maganaɗisu. Ni kuma in ina gudu dab da ƙirji nake riƙe kamfas. Allurar ta karkace, na bi ta.

Na yi tafiya mai yawa kafin in gane. Inuwata ce ta nuna mini. Ya kamata ta kasance a hannun hagu, sai na gan ta miƙe a gabana. Na tsaya a kan tudu, na sauke jakar, na sake dubawa, allura ta koma wani wajen. Hanya mafi kusa ta komawa ita ce wani kwari mai tsakuwa da ƙasa mai tauri, shi na bi. A nan ne dutse ya juye da ni, ƙafar hagu ta gurɗe. Na ƙarasa tseren ina ɗingishi.

Abin da ban sani ba, waɗanda aka saki bayana da yawa sun hau sawuna. Na biyu ya bi nawa, na uku ya ga sawu biyu, kafin a jima abin ya zama hanya. Da suka isa kan tudun sai sawuna ya yanke, domin tsakuwa ba ta riƙe sawu. Suka zarce gaba.

Na biyu, kalmar "da gangan". Wanda ya kai ƙorafi ya ce na ja layi ne zuwa inda babu komai, na sulale ta inda ba za a gan ni ba, shi ya sa na riga shi isowa. Ba na jin haushinsa. Mutum ya sha rana, ya dawo ya tarar da ɗan babur a zaune an riga an ɗaure masa ƙafa, dole ransa ya ɓaci. Amma abin yatsa yana hannunku. Ku duba tsakanin tuta ta uku da ta huɗu, ku haɗa lokacina da na waɗanda suka bi taswirarsu ba su kula sawuna ba. Dukansu sun fi ni sauri a wannan zangon, da nisa. Mai shirya yaudara ba zai zubar da wannan lokacin ba. Jakar ma tana nan. Na gwada ta a ɗakinmu a gaban mutane, duk wanda ya kusanto da kamfas sai allura ta juya. Zan kawo ta duk ranar da kuka ce.

An ce kuma me ya hana in koma in share sawun, ko in ja alama. Gaskiya bai zo mini a rai ba. Ban ga kowa a bayana ba, tuddai sun tare. Ba a kuma taɓa koya mana hakan ba. In kun mai da shi doka zan bi.

Na uku, Malam Habibu. Ga wanda bai san shi ba, akanta ne, mutumin Kano, yana zaune a Al Muraqqabat. Shi ya shigo da ni wasan nan. Na kai masa saƙo ofis wata rana wayata ta mutu, ya ga na iso duk da haka ba tare da taswirar waya ba, ya ce in zo in gwada. Kamfas ɗin nasa ne. Takalmin gudun ma shi ya ba ni. Yana cikin waɗanda suka zarce, ya gangaro ta bayan tudu mai tsayi, gwiwarsa ta goce, sai ɗauko shi aka yi. Yanzu da sanda yake tafiya, likita ya ce sai an ga yadda jijiyar za ta yi.

Na je duba shi. Ina shiga ya ce, "Ga madugu ya iso." Na ce, "Malam, ka yafe ni." Ya ce, "Yafe me? Ni na sayi takalmin nan, na san zanen ƙasansa. Da na gan shi sai na naɗe taswira na ce yaron nan ba ya ɓata, khalas, magana ta ƙare. Da gemuna na bi sawun ɗan koyo, kai kuma kake neman gafara." Matarsa ta kawo shayi, muka sha. Ya ce ba wanda ya tambaye shi kafin a yanke hukunci, kuma ya yarda in faɗi haka a nan. Ni ma ba a kira ni ba. A waya na gani, ina tsaye a bakin wani shago ina jiran kaya.

Na huɗu, tsarin sakin mutane. Wanda ya riga isowa fili shi kuke fara saki. Mu na Muhaisnah motar farko muke kamawa don ba mu da tamu, kullum mu ke fara isa, yawancinmu kuma sababbi ne. Saboda haka sababbi ne ke buɗe rairayi, ƙwararru masu mota su biyo baya. Na lura da wannan tun bara. Duk tseren rairayi, inda na farko ya taka nan yawanci ke takawa. Sauran lokutan na farkon ya dace ne, shi ya sa ba a yi magana ba.

Dakatarwar ita kaɗai da zan iya jurewa. Tseren duwatsun Hatta na so zuwa, amma in ya wuce wani zai zo. Ƙafar ma tana warkewa, ko da yake da ita nake canza giya, kowace fitilar hanya sai ta tuna mini. Abin da ya sa na rubuto shi ne sunana. Aikina na amana ne. 'Yan kasuwa suna ba ni takardun kago, wato na aika kaya a jirgi, da makullan shago, ba sa rubuta komai. Tun da sanarwar ta fita, in na shiga Al Buteen sai a ce ga Nura mai ɓad da mutane. Yawanci wasa ne, ina dariya. Amma wani Alhaji da na daɗe ina yi wa aike ya koma kiran wani yaron. Yana cikin zauren nan, ya karanta abin da kuka rubuta, shi ke nan.

Ga abin da nake roƙo. A duba lokutan, a ga jakar, a ji ta bakin Malam Habibu. In an gamsu, a cire kalmar "da gangan" a nan inda aka rubuta ta, ba a kira ni gefe ba. A rubuta cewa na ɓata, wannan gaskiya ne, ba zan musa ba. A kuma gaya wa sababbi maganar maganaɗisu kafin wani ya sake yin irin tawa.

Idan bayan haka har yanzu ana tsoron sawuna, ba sai an hana ni gudu ba. Ku sake ni na ƙarshe, bayan kowa ya tafi. Zan jira a rana, ba komai. In na ɓata, ni kaɗai na ɓata.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da basira, ya ba Malam Habibu sauƙi, ya mai da kowa gida lafiya daga kowane fili.

Wassalam.

Nura Isiyaku, Muhaisnah.