Inda Motar Yaron Take Yoyo

Litinin, 8 ga Rajab, 1375

Bana shekara goma ke nan da dawowar sojojin Boma, ranar da aka sauke su a bakin hanyar Kankiya duk gari ya fita, har masu jego. Yaron yana cikinsu. Mutane na ce mashi Dawuda. Ni kuwa, da yake ɗan farina ne, bakina bai saba da sunan ba.

Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, amma ajamin da zan gane abina ina da shi. Na mutane a ka nake riƙewa: iyakar gona, shekarar da aka haifi wane, wanda ya haƙa wace rijiya. In gardama ta tashi ni ake aikowa a kira. Na ɗauko takarda ne don abin da na gani yau ƙarƙashin Shirwa.

Shirwa motar Yaron ce. Baturen auduga da ya yi wa tuƙi bayan yaƙi shi ya bar mashi ita da zai koma ƙasarsu. Koriya shar, gajera kamar ta durƙusa, kujera biyu, ba rufi. A hanyar Katsina ba abin da ke shan gabanta. Da Yaron zai tafi Gwalkwas, ƙasar goro can bakin teku, neman tuƙin manyan motoci ya tura ta rumfar bayan zaure, ya ce duk Juma'a in tashe ta, kada in bar ta da ƙishirwa. Damina ɗaya ya ce zai yi.

Ƙasa ta jiƙe ƙarƙashinta, faɗin faifai. Na ce ko akuya ce. Na sansana, ba akuya ba ce.

Ma'u, matar Yaron, tana Kusada wajen sunan ƙanwarta. Gidan ba kowa sai ni da kaji.

Talata, 9 ga Rajab

Na buɗe murfin lagireto na sa yatsa, ban taɓa ruwa ba. Na zuba mata har ta ƙoshi. Na share wurin na barbaɗa toka, yadda ake yi in ana son ganin sawun abin da ke shan ƙwai.

Alhamis, 11 ga Rajab

Toka ta jiƙe ta gaba, daidai ƙarƙashin fanka. Na kwanta rigingine na leƙa, ban ga komai ba sai duhu da yanar gizo. Akwai wani baƙin tiyo mai kauri da ya taso daga ƙasan lagireto, na ji shi da danshi. Na yanko zirin fata na jiƙa, na ɗaure bakinshi tam.

Nagoggo wanzami ya same ni a kwance, ƙafafuna kawai a waje. Tare aka yi mana kaciya da shi, shi ya sa ba ya jin nauyina. Ya ce ya zaci gawa ce, har ya fara tunanin wanda zai gaji jakina. Na ce jakin ya fi shi hankali, ba zai bi shi ba.

Tashi daga ƙasa ya ɗauke ni lokaci. Na jira har ya juya baya.

Juma'a, 12 ga Rajab

Bayan masallaci na murɗa ta. Ta yi tari, ta sake, ta kama.

Wannan ƙarar. Ba irin ta manyan motocin gyaɗa ba ce, daga can ƙasa take tasowa, a ƙirji kake jin ta kafin kunne. Duk sanda na ji ta sai in ga Yaron ya karyo kwanar tsamiya, hula a aljihu, haƙora a waje. Marigayiya uwarshi takan toshe kunne ta ce wannan abin zai kashe mata ɗa. Bai kashe shi ba. Ita ce ta tafi, damina biyu bayan tafiyarshi, tana tambayar ko motar Kano ta tsaya.

Ban daɗe da tashinta ba hanci ya ɗau zafi, tururi ya fara fita. Na kashe. Fatar da na ɗaura ba ta yi komai ba.

Nagoggo ya ce wani direba ya taɓa faɗa mashi garin kuka ake zubawa, ya bi ruwa ya je ya liƙe ƙofar da kanshi. Na ce ƙarya ne. Da ya tafi na zuba ludayi guda.

Asabar, 13 ga Rajab

Na tashe ta kaɗan don kukar ta zagaya. Rumfa duk ta ɗau ƙanshin miya. Yoyo na nan.

Litinin, 15 ga Rajab

Ma'u ta dawo jiya da la'asar, mahaifinta Malam Basiru ya rako ta, ya kwana. Yau da hantsi muka zauna a zaure. Mutum ne mai kunya, ya daɗe yana zagaye, gero, zafin bana, ciwon ƙafata, kafin ya zo kan maganar.

Ya ce ya je wajen alƙali. An ce mashi macen da mijinta ya ɓace, ba wasiƙa ba saƙo ba wanda ya gan shi, in shekara huɗu ta wuce ana iya raba auren ta yi idda ta samu wani. Amma sai an sami wanda zai tabbatar da lokacin tafiyar, kuma duk ƙasar nan maganata ake ɗauka a kan shekaru. Ya ce yarinyar ba ta ce komai ba, shi ne ya gaji da ganin ƙannenta da goyo ita tana riƙe masu zane.

Ya ce, "Shekara nawa ke nan, Malam?"

Na ce uku da wani abu.

Ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya ce to, Allah Ya kawo shi lafiya. Nagoggo na gefe yana wasa aska a tafin hannu. Bai ɗago ba, bai kuma yi mani ba'a ba, abin da ban taɓa gani ba.

Wa zai bar mota irin wannan ya ƙi dawowa? Ko don ita zai zo. In ya zo ya tarar da ɗakinshi wayam, me zan ce mashi?

Laraba, 17 ga Rajab

Ikon Allah. Jiya da yau ƙasa a bushe, lagireto cike har baki. Ashe kukar lokaci take so. Ko fatar ce ta bushe ta kama. Na fi zaton fatar.

Na ci tuwo na nemi ƙari.

Alhamis, 18 ga Rajab

Motar Kano ta tsaya. Buhunan gishiri aka sauke da wata tsohuwa.

Juma'a, 26 ga Rajab

Lawal ya biyo. Tare suka yi Boma da Yaron, yanzu motar En'e yake ja, shi ke kawo mani ɗan fetur a gwangwani in ya samu hanya. Na ba shi labarin yoyon da yadda na yi maganinshi. Da ya ji zancen kuka ya yi dariya har ya dafa bango, ya ce saura daddawa. Ya kwance ƙasa ya zubar, ya wanke cikin sarai.

Sai ya sa kai bayan fanka ya daɗe. Ya kira ni ya nuna mani wani farin sawu gauraye da tsatsa, ya gangaro daga jikin famfon da ke juya ruwa cikin inji. Ya kankare da farce, abin ya yi kauri kamar kanwa. Ya ce wannan ba yoyon sati biyu ba ne, ya fi shekara.

Na ce ba zai yiwu ba. Kullum da safe nake duba ta, ban taɓa samun ta da ƙishirwa ba sai watan nan. Ya ce shi dai abin da ƙarfe ya nuna mashi ke nan. Na ce ƙarfe bai fi ni sanin gidana ba.

Bai ja ba. Ya ce in na samu abu mai launi in zuba a ruwan, duk inda ya bi zai bar shaida, in ya dawo daga Katsina sai mu gani.

Yaran yanzu. Sun ga teku sun zaci sun ga komai.

Lahadi, 28 ga Rajab

Na je marina da la'asar na roƙi ruwan shuni a ƙwarya, mai kauri. Ban faɗa wa kowa ba, don in abin bai nuna komai ba kada Nagoggo ya samu na yi. Ma'u na wajen daka a maƙwabta na zuba.

Litinin, 29 ga Rajab

Daga masallacin asuba na tsaya gaisuwa kamar kullum, sai da rana ta fito na shigo. Na wuce rumfa. Ƙasa a bushe, an share, har da sawun tsintsiya. Lagireto cike. Amma ruwan da na zuba baƙi-ƙirin ya koma shuɗi-shuɗi.

Ina tsaye ban gane ba Ma'u ta kawo koko. Ta durƙusa ta miƙo ƙwaryar da hannu biyu. Tafukanta shuɗi, har cikin farce.

Ta ga inda nake kallo. Ta so ta ɓoye su cikin zane, ƙwaryar ta hana.

Na ce, "Tun yaushe, ɗiyata?"

Ta ce tun kafin daminar bara. Wata safiya ta ga wurin a jiƙe, ta kwashe ƙasar da hannu ta zuba busasshiya, ta cika ruwan kafin in dawo masallaci. Washegari ma haka. Da rani, da rijiyar unguwa ta ja baya, har ta bakin fadama take zuwa tun da sauran duhu. Da za ta tafi suna ta yi ta tunani, ba wanda za ta bar wa sallahu.

Na tambaye ta dalili.

"Baba, ranar da ta tashi lafiya kana cin tuwo."

Na sha kokon, ban san ɗanɗanonshi ba. Ta tashi ta tafi tana goge hannu a zane, shunin bai fita.

Talata, 30 ga Rajab

Ban fita ba. Ƙafa.

Alhamis, 2 ga Sha'aban

Na hana Ma'u taɓa wurin. Kwana biyu ƙasa ta sha shuni, Lawal ya zo ya bi sawun da yatsa tun daga ƙasa har sama. Ba tiyo ba ne, ba lagireto ba ne. Wata 'yar ƙofa ce ƙarƙashin famfon, ba ta kai ƙwayar dawa ba. Ya ce akwai wani zobe a ciki da ke tare ruwa, shi ne ya bushe ya tsage. Na ce me ya cinye shi, ni da ban taɓa barin kowa ya hau ta ba. Ya ce abin da ya cinye shi ke nan. An yi ta ne don gudu, tashin Juma'a a tsaye bai ishe ta ba. In aka sa sabo aka ci gaba da ajiye ta, shi ma haka zai yi.

Ya cire famfon ya naɗe a tsumma zai kai Kano. Da zai tafi na tambaye shi, kamar yadda nake yi duk zuwa, ko direbobin kudu sun ce wani abu. Ya ce ya tambaya a Sabon Gari, ya tambayi fatake masu goro. Ya tsaya nan.

Da can yakan ƙara da cewa za a ji.

Lahadi, 5 ga Sha'aban

Shirwa ba famfo, baki a buɗe. Ma'u ta yi barci har rana ta fito, karo na farko da na sani. Na ji ta tana waƙa ƙasa-ƙasa wajen wanke-wanke, da ta ji takuna ta yi shiru.

Da aka kawo ta gidan nan ko tulu ba ta iya ɗauka ita kaɗai sai an ɗora mata. Yau na lura akwai wani wuri a tsakar kanta da gammo ya cinye gashin.

Aka aiko daga Fakuwa a kan iyakar wata gona. Na faɗa masu shekarar da aka dasa aduwar da wanda ya dasa. Suka tafi ba gardama. Ɗayan yana cewa in dai tsohon nan ya faɗa, an gama.

Alhamis, 9 ga Sha'aban

Lawal ya dawo da famfon, ya ɗaura, muka cika ta da ruwa mai kyau. Ni na ɗebo. Ta tashi bugu ɗaya, ta daɗe tana ruri, ƙasa ko ɗigo. Ya ce a tsaye ba a gane gaskiyarta, sai ta hau hanya ta yi zafi sosai. Gobe ba ya da aiki sai bayan Juma'a. Ya ce ko mu yi Rimaye mu juyo.

Na ce hanyar Rimaye yashi ne. Ta Kusada ta fi.

Ya dube ni. Na ce don gwaji ne.

Nagoggo ya zo da yamma ya yi mani aski ban kira shi ba. Ya ce wanda zai shiga motar Bature ba ya tafiya da kai kamar gonar da aka bari. Ya tambaya ko ya gaya wa mutane su kawar da awakinsu. Na ce ya kawar da bakinshi tukuna.

Ban taɓa zama cikinta ba. Yaron ya yi ta roƙo, ina cewa sai wani jiƙon. Kujerar da ke gefen direba har yanzu da ɗan lotsawa, ban san ko na wa ba ne.

Yaron ya tafi ana saura kwana kaɗan shuka, shekarar da aradu ta tsage tsamiyar bakin kasuwa. Na shuka gonarshi ni kaɗai sau biyar.

In ya zo zai tarar da motarshi lafiya. Wannan dai na riƙe mashi.

Na ce wa Ma'u ta fito mani da farar rigata, ba ta tambayi dalili ba. Gobe in na fito masallacin asuba zan duba ƙarƙashin Shirwa, in a bushe yake mu kama hanya tun rana ba ta yi zafi ba. Zan sa Lawal ya tsaya a ƙofar Malam Basiru a Kusada ruwan ya huce. In ya fito, ba sai ya sake tambayata shekarun ba.