Ranar da Ladidi Ta Girma

Daren Laraba, watan Rajab. Tudun Wada.

Bayana ciwo yake, barci kuma ya ƙi zuwa. Da la'asar na taso daga wurin ɗinki, na tarar 'yata Ladidi ko wuta ba ta hura ba, tana tsugune bayan ɗaki tana kuka. Da ƙyar ta buɗe baki.

"Baba, mutuwa zan yi. Jini ne, irin na Inna."

Ashe tun jiya take ɓoyewa, tana zaton abin da ya ɗauke uwarta wajen haihuwa ne ya zo kanta. Ni da na karanta hukuncin haila a gaban malamai, abin da na iya cewa kawai, "Ba mutuwa ba ce, girma ne." Na shiga birni da ƙafa na taho da yayata Hansai.

"Ka bar mu, Malam," in ji ta. "Wannan ba zancenka ba ne."

Ɗazu na ji Ladidi tana dariya a ɗaki, na gode Allah. Na matsa bakin ƙofa na yi gyaran murya, sai duk suka yi shiru. Sai da na juya suka ci gaba da hirarsu.